Daga digirin digirgir a fiziks zuwa bincike a masana'antu: Yadda hanyar take daga Katsina

Duk wanda ya taɓa haƙa rijiyar burtsatse a Katsina, a gidansa ko a masallacin unguwa, zai tuna mutanen da kan zo kafin motar haƙa ta iso. Sukan zo da ɗan akwati, da naɗin waya, da turakun ƙarfe huɗu. Sai su kafa turakun a jere, su tura lantarki cikin ƙasa ta biyun da ke gefe, su auna shi ta biyun da ke tsakiya, sannan su riƙa matsar da na gefen suna ƙara tazara, domin gwargwadon tazarar gwargwadon zurfin da awon zai kai. Ƙasa mai ɗauke da ruwa tana barin lantarki ya ratsa ta cikin sauƙi, busasshen dutse kuwa tare shi yake yi. Da wannan bambanci ake gane inda ya kamata a haƙa, da mita nawa za a nutsa kafin a tarar da ruwa.

Wannan tsari na jera turaku sunan wani malamin fiziks yake ɗauke da shi, wato Conrad Schlumberger, wanda ya koyar a makarantar nazarin ma'adinai ta birnin Paris. A shekarar 1912 ya fara gwada dabarar a fili. Daga baya ya ajiye koyarwa, ya haɗa kai da ƙanensa Marcel suka kafa kamfani a 1926, kuma a 1927 ma'aikatansu suka zura na'urar awo cikin rijiyar mai a Pechelbronn da ke Faransa, karo na farko da aka yi haka a duniya. Kamfanin nan yana nan har yau, yana cikin manyan masu yi wa kamfanonin mai hidima, har da na Najeriya. Ke nan abin da mai gida a Ƙofar Ƙaura yake biya a yi masa kafin haƙa rijiya, asalinsa aikin wani malamin jami'a ne da ya fita daga aji ya shiga kasuwa.

A wajenmu, idan aka ce wane ya kammala digirin digirgir a fiziks, abin da kowa ke sa rai shi ne ya koma jami'a ya koyar, ya riƙa hawa mataki-mataki har ya zama farfesa. Hanya ce mai daraja, amma kujerunta ƙidayayyu ne, kuma ba kowa ne aka halitta don allo da alli ba. Akwai hanya ta biyu, wadda ba a cika bayaninta ga iyaye da ɗalibai ba, ita ce ta bincike a kamfanoni da masana'antu.

Abin da digirin yake ɗauka, da abin da yake bayarwa

A lissafi mafi sauƙi, yaro zai yi shekara 6 a firamare, 6 a sakandare, 4 a digirin farko, 1 a hidimar ƙasa, kusan 2 a digiri na biyu, sannan aƙalla 3 a na uku. Shekara 22 ke nan idan babu tangarɗa ko ɗaya. Tangarɗa kuwa ba ta rasuwa: yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 kaɗai wata takwas ya cinye, ga jiran kuɗin gwaji, ga na'urar da ta lalace, ga malamin da ke duba kundi ya tafi hutun bincike. Shi ya sa mafi yawan masu wannan digiri a Arewa sukan karɓe shi ne bayan sun haura shekara 35, da iyali a wuyansu.

A Jihar Katsina ana koyar da fiziks a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, wadda aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011. Da yawa daga cikin malaman wannan fanni a Arewa sun yi karatunsu mai zurfi ne a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Bayero ta Kano, ko Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, wasu kuma a ƙetare.

Kundin da ɗalibi zai rubuta yakan tsaya kan tambaya guda ƙanƙanuwa, wadda watakila mutum ɗari ne kacal a duniya suka damu da amsarta. Kamfani ba wannan amsar yake saye ba. Abin da yake saye shi ne halin da mutum ya koya a hanyar nemanta: ya iya auna abu ya kuma faɗi iyakar kuskuren awonsa, ya iya mayar da matsala mai sarƙaƙiya lissafi, ya iya rubuta manhajar da za ta tace dubban alƙaluma, ya saba da gwaji ya ƙi ci sau goma bai karaya ba. Wanda ya kasa gane wannan bambanci yakan shiga ganawar neman aiki ya kwashe rabin sa'a yana bayanin kundinsa, ya fito yana mamakin shirun da aka yi masa.

Yadda abin yake a inda ya kafu

Bincike a masana'antu na nufin kamfani ya ware ma'aikata da kuɗi da ɗakunan gwaje-gwaje domin ƙirƙiro sabon kaya, ko gyara wanda yake sayarwa, ko rage tsadar ƙera shi. Misalin da aka fi bugawa shi ne Bell Labs, wadda a da ita ce cibiyar binciken kamfanin tarho na Amurka. A can ne a watan Disamba na 1947 aka ƙirƙiro tiransisto, ɗan mitsitsin makunnin lantarkin da yanzu akwai biliyoyinsa a cikin kowace wayar hannu. Mutum uku da suka samu kyautar Nobel a kansa a 1956, John Bardeen da Walter Brattain da William Shockley, dukkansu masu digirin digirgir ne a fiziks, kuma albashin kamfani suke ci lokacin da suka yi aikin. Shi Bardeen ma kafin digirinsa ya yi wa wani kamfanin mai aikin binciken ƙarƙashin ƙasa, sannan a 1951 ya bar Bell ya koma Jami'ar Illinois, inda ya yi aikin da ya jawo masa Nobel ta biyu a 1972. Ƙofar tana buɗewa ta kowane ɓangare. Robert Noyce, da ya gama nasa digirin a 1953, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Intel a 1968. Emanuel Derman, haifaffen Afirka ta Kudu, daga nazarin ƙwayar zarra ya wuce Bell, daga nan a 1985 ya shiga bankin Goldman Sachs yana lissafin farashi da haɗarin hannun jari.

A waɗannan ƙasashe mai digirin fiziks da ya shiga kamfani ba a kallonsa a matsayin wanda ya kauce hanya, domin mafi yawansu can suke ƙarewa. Dalili kuwa kuɗi ne. Koriya ta Kudu da Isra'ila suna kashe sama da kashi 4 cikin 100 na arzikin da suke samarwa a shekara kan bincike, kuma kamfanoni ne ke zuba kaso mafi tsoka. Tarayyar Afirka ta sa wa mambobinta burin kashi 1 cikin 100. Najeriya ko rabin wannan ba ta kai ba, kuma ɗan abin da ake kashewa galibi daga aljihun gwamnati yake fitowa. Manyan kamfanonin ƙetare da ke aiki a nan sukan yi bincikensu mai zurfi a ƙasashensu, su kawo mana sakamakon a cikin kwantena.

Darasin ɗan Tasawa

Misali mafi kusa da mu ba daga Turai yake ba. A Tasawa ta Jihar Maraɗi, garin da tarihinsa yake ɗaure da na Katsina tun bayan jihadi, aka haifi Abdou Moumouni Dioffo a 1929. Ya yi karatu a Senegal da Faransa, ya ci babbar jarrabawar malanta ta Faransa a fannin fiziks a 1956, ya koyar a Dakar da Conakry da Yamai. A farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet ya ƙware a kan makamashin hasken rana, ya dawo ya kafa ɗakin bincike a kan wannan fanni a Bamako, kuma a 1967 ya samu babban digirinsa na dakta a Faransa.

Daga 1969 zuwa 1985 shi ne ya shugabanci ONERSOL, hukumar makamashin rana ta Nijar. Hukumar gwamnati ce, amma yadda aka tsara ta ya bambanta da sashen jami'a: akwai ɓangaren bincike, akwai kuma ɓangaren ƙira, inda ake ƙera tukwanen dumama ruwa da hasken rana, da murhun girki, da na'urar tace ruwa, da ta busar da kayan abinci, a kai su ga masu amfani. Abin da aka gano a ɗakin gwaji da safe, maƙeri da mai walda za su gwada shi da rana. Ya riƙe shugabancin Jami'ar Yamai daga 1979, ya rasu a 1991, kuma jami'ar sunansa take amsawa a yau.

Abu biyu ne za a ɗauka daga rayuwarsa. Na farko, bai jira a gina masa irin Bell Labs ba. Ya dubi abin da ƙasarsa take da shi fiye da kowa, wato rana, da abin da take asara, wato itace da kuɗin shigo da mai, ya kafa bincikensa a tsakaninsu. Na biyu kuma ya fi ɗaci: hukumar da ke rayuwa da kasafin gwamnati da tallafin ƙetare, ƙarfinta yana bin ƙarfin baitulmali ne. Yau farantan sola sun cika kasuwannin Yamai da Maraɗi da Katsina, amma kusan dukkansu daga China ake shigo da su. Ilimin ya riga kasuwar zuwa da shekara talatin, kuma babu jarin 'yan kasuwa da ya tare shi a hanya.

Ina aikin yake a Katsina?

Gaskiyar magana, wanda ya fito da takardarsa yana neman kamfani mai ƙofa da aka rubuta wa "sashen bincike" a birnin Katsina zai sha yawo. Babbar masana'antar da birnin ya yi suna da ita ita ce ta mulmula ƙarafa, ɗaya daga cikin uku da gwamnatin tarayya ta gina a farkon shekarun 1980 tare da na Jos da Osogbo, wadda aka sayar wa 'yan kasuwa a zamanin mulkin Obasanjo. Irin wannan masana'anta tana buƙatar ɗakin gwada ƙarfin rodi da sinadaran da ke cikinsa, amma wannan aikin tabbatar da inganci ne, mutum kaɗan yake ɗauka. Aikin binciken yana nan, sai dai da wasu sunaye ake kiransa.

Makamashi ne kan gaba. A Lambar Rimi, kusa da birni, akwai tashar lantarki mai aiki da iska, mai fankoki 37, kowace mai ƙarfin kilowat 275, jimilla kusan megawat 10. Tunanin ya faro ne tun Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, tarayya ta karɓe shi, aka ba kamfanin Vergnet na Faransa kwangila. Sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, a Rimi a watan Disamba na 2012, wanda ya kuɓuta bayan kusan shekara guda, ya tsayar da aikin, ya kuma yi shekaru yana jan ƙafa. A irin wannan tasha tambayoyin fiziks ne zalla. Ƙarfin da fanka ke samu yana bin saurin iska ne ninki uku a jere: idan saurin ya ninka sau biyu, ƙarfin zai ninka sau takwas, idan kuwa ya sauko daga mita 6 a daƙiƙa zuwa 5, an yi asarar sama da kashi 40 cikin 100. Don haka ɗan kuskure a awon iskar wuri yana iya mayar da riba asara. Mai jarin da ya san haka ba zai sa hannu ba sai ya ga awon shekara guda cur, kuma wani ne zai yi masa awon.

Sola ma haka take, kuma ita ce ta fi shafar 'yan kasuwa tun bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 da ƙarin kuɗin wuta na 2024. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a zafin digiri 25. Duk digiri ɗaya da farantin ya ƙara, yana rage kusan kashi 0.4 cikin 100 na abin da yake bayarwa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke kai wa 40, farantin da ke kan kwano yana iya haura 60, wato kusan kashi 15 cikin 100 sun tafi kafin a yi maganar ƙurar hunturu da ke lulluɓe gilashin. Batir kuma zafi yana rage masa kwana. Kwana nawa ya kamata a yi kafin a wanke faranti a garin da ruwa ke da tsada? Wane batir ne ke jure ɗakin da ba shi da iska? Wane faranti ne a kasuwa ƙarfinsa bai kai abin da aka rubuta a jikinsa ba? Kamfanonin da ke kafa ƙananan tashoshin lantarki a ƙauyuka da kasuwanni, da masu shigo da kaya, da KEDCO mai raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, duk suna da kuɗi a cikin amsar waɗannan tambayoyi. Dokar lantarki ta 2023, da ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, ta ƙara buɗe fagen. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana da cibiyar binciken makamashi mai sabuntuwa da ke ɗauke da sunan tsohon gwamna Ibrahim Shehu Shema, kuma ga ɗalibi mai wayo nan ne wurin fara ƙulla hulɗa da kamfanoni tun kafin ya kare kundinsa.

Ruwa shi ne na biyu, mun kuwa fara da shi. Yawancin ƙasar jihar tana zaune ne kan dutse mai tauri, inda ruwa ke maƙalewa a cikin tsagogi da ruɓaɓɓen saman dutsen, shi ya sa maƙwabci zai samu ruwa, na kusa da shi ya haƙa ya tashi a tutar babu. Mai digiri a fiziks na ƙasa yana iya kafa kamfanin awo da jarin da bai kai na shagon atamfa a Babbar Kasuwa ba, kuma wannan ilimin ne dai ake nema wajen neman ma'adinai irin farar ƙasar Ƙanƙara, da gwajin ƙasa kafin manyan gine-gine irin layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ya ratsa ta Daura da Katsina da Jibiya.

Sai asibiti. A 2025 aka buɗe cibiyar kula da masu cutar daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Na'urar gashin daji ba ta aiki sai da masanin fiziks na asibiti, wanda ke auna yawan hasken da ke fita daga cikinta, ya tsara yadda zai sauka a kan ƙari ba tare da ya ƙona lafiyayyen nama ba. A wannan aiki kuskuren da ya wuce kashi 5 cikin 100 yana iya canza sakamakon magani. Digirin digirgir shi kaɗai bai isa ba, sai an ƙara da horo na musamman a cikin asibiti. Wanda ya samu horon kuwa, kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori da masu kula da su ma nemansa suke yi.

Sauran ƙofofin suna wajen jihar. A Zariya akwai Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi, mai ƙaramar tukunyar nukiliya da ta fara aiki a 2004, inda ake gano sinadaran da ke cikin dutse ko ƙasa ko abinci, kuma da yawa sun koyi aikin kariya daga tururin nukiliya a can. Duk kamfanin da ke amfani da irin wannan tururi, wajen auna rijiyar mai ko ɗaukar hoton walda a bututu irin na iskar gas da ake shimfiɗawa daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, sai ya samu lasisi daga hukumar NNRA, kuma sai ya ajiye jami'in kariya. Kamfanonin siminti na Sakkwato da Ashaka da Obajana suna da ɗakunan gwajin sinadarai. Bankuna da kamfanonin sadarwa da na hada-hadar kuɗi ta waya suna ɗaukar masu iya tace alƙaluma, kuma wasu daga cikin irin waɗannan ayyuka ana yin su daga gida, muddin akwai wuta da intanet. Fita neman inda ilimi zai yi daraja ba baƙon abu ba ne ga Bakatsine. Muhammadu al-Kashnawi, wanda ya yi rubutu kan lissafin hatimai, a Alƙahira ya rasu a 1741.

Abin da ke canzawa idan an tsallaka

A jami'a ana auna mutum da yawan maƙalun da ya wallafa. A kamfani ana auna shi da abin da ya yi aiki, da ranar da ya gama, da nawa ya ci. Malamin jami'a yana iya bin tambaya shekara biyar don tana burge shi. A kamfani ana iya rufe aikin da mutum ya ƙwallafa rai a kai ranar Litinin da safe saboda farashin dala ya motsa, ba tare da an ce ya yi laifi ba. Amsa mai kyau da ta zo cikin mako biyu ta fi cikakkiya da ta zo bayan an riga an sayi kaya. Haka kuma laƙabin Dakta, da ke buɗe ƙofofi a wurin ɗaurin aure, ba ya hana injiniya mai digiri ɗaya da shekara goma a bakin aiki ya zama shugabanka, kuma sau da yawa ya cancanta.

Shekaru ma matsala ne. Tallan ɗaukar sabbin ma'aikata a bankuna da manyan kamfanoni galibi yana iyakance shekaru ƙasa da 30, don haka mai digiri na uku ba ta wannan ƙofa zai shiga ba. Zai shiga ne a matsayin ƙwararre, kuma ƙwararre sai da shaida. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun lokacin zaɓen batun kundi ya kamata ɗalibi ya tambayi kansa wa zai biya kuɗi don ya san amsar. Ya koyi rubuta manhaja da harshe irin Python. Ya nemi wani kamfani, ko ƙarami ne, ya yi masa aikin wata uku, ko da kyauta, don ya samu abin nunawa. Takardar bayanin kai da za a kai kamfani shafi biyu ta isa, ta faɗi matsalar da aka warware da na'urar da aka iya sarrafawa, a ajiye jerin tarukan da aka halarta. Hukumar NOTAP tana da shirin da kamfanoni ke ɗaukar nauyin masu digiri na uku a jami'o'in cikin gida kan batutuwan da suka shafi masana'antu, kuma ya dace a bibiye shi.

Shi kansa 'Yar'aduwa, ko da yake kimiyyar sinadarai ya karanta kuma a digiri na biyu ya tsaya, wannan tsallaken ya yi: ya bar koyarwa a 1983 ya tafi Funtuwa ya riƙe gonar Sambo a matsayin babban manaja.

Doka da takardu

Nan ne ma'aikatan gwamnati suka fi yin tuntuɓe. Wanda makarantarsa ta tura karatu da kuɗin TETFund yakan sa hannu a yarjejeniyar dawowa ya yi aiki na wasu shekaru. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ko ya cika shekarun, ko ya mayar da kuɗin. Kafin a yi maganar ajiye aiki, a fara ɗauko wannan takarda a karanta.

Na biyu, jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta ƙashin kansa, in ban da noma, kuma ma'aikatan jami'o'in gwamnati suna cikin waɗanda dokar ta lissafa. Malamin da yake son ya ɗanɗana aikin kamfani kafin ya yanke shawara yana da halastattun hanyoyi: ya bi ta sashen ba da shawara na jami'arsa, ko ya yi hutun bincikensa na shekara guda a kamfani idan an amince masa, ko ya nemi hutu ba albashi. A kan fansho, wanda ke cikin tsarin adashi na dokar 2014 asusunsa yana bin sa duk inda ya koma, inda mai aiki ke zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8. Ma'aikacin jiha sai ya bincika tsarin da jiharsa ke bi. A kuma sa a ma'auni cewa farfesa yana aiki har shekara 70, abin da babu kamfanin da zai yi wa mutum alkawarinsa.

Na uku shi ne mallakar abin da aka ƙirƙira. Dokar mallakar ƙirƙira ta 1970 ta tanadi cewa abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikinsa, ko a kan kwangilar da aka ba shi, haƙƙin na wanda ya ɗauke shi aiki ne. Sai dai ma'aikacin yana da haƙƙin lada mai kyau idan ƙirƙirar tana da muhimmanci na musamman, ko kuma aikinsa bai ƙunshi ƙirƙira ba amma ya yi ta da kayan wurin. Takardar mallaka tana aiki shekara 20 daga ranar da aka shigar da buƙata. Sharaɗinta shi ne abin ya zama sabo, don haka wanda ya riga ya wallafa shi a mujalla ko ya bayyana shi a taro yana iya rasa haƙƙinsa. Wannan ya saɓa wa tarbiyyar jami'a gaba ɗaya, inda ake gaggawar wallafawa. A kuma sani cewa ofishin rajista a Najeriya cikar takardu yake dubawa, ba ya tantance ko abin sabo ne da gaske, saboda haka takardar da aka bayar ana iya ƙalubalantarta a kotu. NOTAP tana taimaka wa masu bincike wajen shigar da buƙata.

Ga ɗan kasuwa mai son gwadawa

Attajirin da ke shigo da batura ko farantan sola, ko mai injin casar shinkafa da kuɗin wuta ke cinye ribarsa, ba sai ya gina ɗakin gwaje-gwaje ba kafin ya amfana. Yana iya zuwa sashen fiziks na jami'a da tambaya guda: cikin batura iri uku da nake sayarwa, wanne ne ya fi daɗewa a zafinmu? A rubuta yarjejeniya ta hannun jami'ar, a faɗi abin da za a auna, da wata nawa za a ɗauka, da wanda zai sayi kayan gwaji, da wanda zai mallaki sakamakon, da lokacin da ɗalibi zai samu izinin sa shi a kundinsa. A biya kuɗin kashi-kashi, kowane kashi bayan an ga rahoto. A kuma amince tun farko cewa rahoton yana iya cewa kayan da aka fi samun riba a kansa shi ne mafi rauni, kuma ba za a nemi mai binciken ya gyara alƙalumansa ba.